Rake a Tankin Mota: Yadda Birazil Ta Rage Dogaro da Man Ƙetare

Shirin faɗakarwa na yau ya shafi makamashi, wato duk abin da ake ƙonawa ko ake sarrafawa domin a sami ƙarfin tafiyar da mota da inji da masana'anta da wutar lantarki, kuma zai duba yadda ƙasar da ke sayen mai daga ƙetare za ta iya rage wannan dogaro da abin da take da shi a gida. Ƙasar da aka ɗauka domin nazari ita ce Birazil ta Kudancin Amurka, wadda ta shafe shekaru 50 tana zuba wa motocin jama'arta man da ake tatsowa daga rake. A tsawon wannan lokaci shirin nata ya bunƙasa, ya durƙushe, sannan ya sake miƙewa, saboda haka mai nazari zai iya gane abin da ke riƙe irin wannan shiri da kuma abin da ke kayar da shi.

Asalin lamarin yana komawa ne ga watan Oktoba na 1973, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila a gefe guda da Masar da Siriya a ɗaya gefen. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage yawan abin da suke haƙowa, suka kuma daina sayar wa Amurka da wasu ƙasashen da ke mara wa Isra'ila baya, kuma cikin 'yan watanni farashin gangar ɗanyen mai, wadda ke cin lita 159, ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Birazil ba ta cikin waɗanda aka hana wa mai, amma tsadar ba ta ƙyale ta ba, domin a lokacin kimanin kashi 80 cikin 100 na man da take ƙonawa daga waje take sayo shi, kuma ƙasa ce da ta ɗora sufurinta a kan titi da manyan motoci, ta bar jirgin ƙasa a baya. Shi kuwa man ƙetare ba a biyan kuɗinsa da kuɗin gida, sai da kuɗin musaya, wato dala da makamantanta waɗanda ƙasa ke samu idan ta sayar da kayanta a waje. Da abin da ake samu daga gahawa da sukari da tama ya kasa biya, sai gwamnati ta koma cin bashi daga bankunan waje, har ta kai a farkon shekarun 1980 mai kaɗai yana cinye kusan rabin kuɗin da ƙasar ke kashewa wajen shigo da kaya.

A ranar 14 ga Nuwamba, 1975, shugaban mulkin soja na lokacin, Janar Ernesto Geisel, wanda kafin hawansa mulki ya shugabanci kamfanin mai na ƙasa, Petrobras, ya sa hannu a kan dokar da ta kafa shirin da aka fi sani da Proálcool. Sau da yawa ana ba da labarin wannan shiri kamar hangen nesa ne zalla na masu mulki, alhali kuwa akwai wata matsa lamba ta biyu da ba ta kai ta mai fitowa fili ba. Farashin sukari a kasuwar duniya ya yi tashin da ba a saba gani ba a ƙarshen 1974, masu masana'antun sukari suka faɗaɗa gonaki da injuna, sai kuma farashin ya rikito a 1975 ya bar su da rake jibge da bashi a wuya. Masu raken suna neman kasuwa, gwamnati tana neman abin da zai rage mata kashe dala, sai buƙatun biyu suka haɗu a wuri guda. Ban da haka, ba daga sama aka fara ba. Tun ƙarni na 16 Turawan Fotugal suka kafa noman rake a ƙasar da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka, kuma tun 1931 gwamnatin Getúlio Vargas ta wajabta gauraya kashi 5 cikin 100 na man rake a cikin fetur ɗin da ake shigowa da shi. Ke nan gonakin suna nan, masana'antun suna nan, masu sanin aikin ma suna nan kafin a sa hannu a kan doka.

Shi wannan man rake sunansa itanol, kuma dangin sinadarin nan ne da ake goge fata da shi a asibiti kafin a yi allura. Yadda ake samar da shi ba ɓoyayye ba ne. Ana matse rake a fitar da ruwansa, a zuba masa yis irin wanda ke kumbura burodi, yis ɗin ya cinye zaƙin ya mayar da shi itanol, sannan a dafa ruwan a tara tururin da ya fara tashi, domin itanol yana riga ruwa tafasa. Tan guda na rake yana ba da kimanin lita 80, hekta guda kuma tana iya ba da lita 6,000 zuwa 7,000 a shekara. Iri biyu ake fitarwa. Akwai wanda aka tsane ruwansa kusan gaba ɗaya, shi ne ake gaurayawa da fetur kuma kowace motar fetur za ta iya ƙona shi muddin gaurayen bai yi yawa ba, akwai kuma wanda aka bar masa ɗan ruwa, kimanin kashi 5 cikin 100, wanda ya fi arha wajen yi amma sai injin da aka ƙera dominsa ne ke shan sa shi kaɗai. Wannan bambanci ya kamata a riƙe shi, domin a kansa ne nasarar shirin da faɗuwarsa suka rataya.

A matakin farko, daga 1975 zuwa 1979, an tsaya ne ga gaurayawa, aka riƙa ƙara yawan itanol a cikin fetur har ya kai kusan kashi 20 cikin 100 a manyan birane. Direba bai canja komai ba, galibi ma bai san an yi ba. Sai juyin juya halin Iran na 1979 ya sake ninka farashin mai fiye da sau biyu, gwamnati ta ga gaurayawa ba za ta wadatar ba, ta shiga mataki na biyu, wato motar da ba ta shan fetur ko kaɗan. Injiniyoyin cibiyar binciken fasaha ta rundunar sojan sama da ke Sao Jose dos Campos, ƙarƙashin Urbano Ernesto Stumpf, sun riga sun nuna cewa injin mota zai iya aiki da itanol zalla, kuma a watan Yulin 1979 kamfanin Fiat ya fitar da ƙirar 147 mai shan itanol, sauran kamfanonin suka bi sahu. Motocin farko sun ba da wahala, domin itanol yana cin wasu ƙarafa da robobi na hanyar mai, kuma injin yana ƙin tashi da sanyin safiya, har sai da aka riƙa sanya wani ɗan ƙaramin tankin fetur na tayar da inji kawai. A hankali aka magance waɗannan.

Abin da ya sa jama'a suka rungumi motar kuwa lissafin aljihu ne, kuma gwamnati ce ta tsara lissafin. Ta ba masu kafa matatun itanol rance mai sauƙin ruwa, ta ɗora wa Petrobras sayen itanol ɗin da rarraba shi, ta wajabta wa gidajen mai su kafa famfonsa, ta rage harajin motar da ke shan sa, sannan ta ƙayyade cewa farashin litarsa ba zai wuce kimanin kashi 65 cikin 100 na farashin fetur ba, shi kuma fetur ta lafta masa haraji. Sakamakon ya zo da sauri. Itanol ɗin da ƙasar ke samarwa ya tashi daga kimanin lita miliyan 600 a kakar 1975 zuwa lita biliyan 3.4 a kakar 1979, ya kai wajen lita biliyan 12 a kakar 1986, kuma a tsakiyar shekarun 1980 kusan tara daga cikin kowaɗanne sababbin ƙananan motoci goma da aka sayar a ƙasar masu shan itanol ne zalla.

To sai dai ginin yana tsaye ne a kan ginshiƙai biyu waɗanda ba a hannun Birazil suke ba, wato tsadar mai da arhar sukari, kuma dukansu biyu suka juya a ɗan tsakani. A 1986 farashin ɗanyen mai ya faɗo daga kusan dala 30 zuwa ƙasa da dala 15, lamarin da ya sa kowace litar itanol ta koma buƙatar tallafi mai yawa kafin ta yi arha a kan fetur, a daidai lokacin da gwamnatin farar hula da ta karɓi mulki a 1985 take fama da bashin waje da hauhawar farashi mai tsanani, ba ta da abin bayarwa. Aka riƙa danne farashin da ake biyan masu matatun, su kuma da suka ga sukari ya sake yin daraja a kasuwar duniya a ƙarshen shekarun 1980, sai suka karkatar da rakensu can, domin masana'anta guda ce ke iya fitar da sukari ko itanol gwargwadon wanda ya fi riba. Motoci masu shan itanol suna ta ƙaruwa a titi, itanol ɗin kuwa ya tsaya cak. A 1989 famfuna suka ƙafe, dogayen layuka suka bayyana a gidajen mai, mai motar itanol yana kallon maƙwabcinsa mai motar fetur yana sha yana wucewa, shi kuwa ba shi da damar zuba fetur ko da zai biya ninki biyu. Ƙasar da ta kafa shiri domin ta daina sayen mai daga waje sai ga ta tana shigo da itanol da wani ɗan'uwansa da ake kira metanol domin ta cike giɓi.

Ƙarancin bai daɗe ƙwarai ba, amma amincewar jama'a ta tafi. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, haka kuwa aka yi, domin kafin ƙarshen shekarun 1990 cinikin sababbin motocin itanol ya koma ƙasa da kashi 1 cikin 100. A 1990 gwamnatin Fernando Collor ta rushe hukumar sukari da itanol da aka kafa tun 1933, kuma zuwa 1999 an sakar wa kasuwa farashin itanol baki ɗaya. Wanda ya dubi shirin a wancan lokaci zai ce ya mutu.

Abubuwa biyu ne suka hana shi mutuwa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya ja hankalin jaridu. Na farko shi ne gaurayawar dole, wadda ba a taɓa dainawa ba, har ma wata doka ta 1993 ta tsayar da ita a kashi 22 cikin 100, ta yadda masu matatu suka ci gaba da samun kasuwar da suke da tabbacinta komai faɗuwar farashin mai. Na biyu kuma bincike ne. Cibiyoyin nazarin rake, musamman wadda ke Piracicaba a jihar Sao Paulo, jihar da ke noma fiye da rabin raken ƙasar, sun shafe shekaru suna fitar da sababbin irin rake masu zaƙi da jure cuta, suna gyara hanyar matsewa da ta sarrafa yis, har kuɗin samar da lita guda ya ragu ƙwarai idan aka gwada da na shekarun farko. Wannan aiki ne mai cin lokaci wanda babu ɗan siyasar da zai yanka zarensa a gaban 'yan jarida, amma shi ne ya mayar da itanol daga abin da ke rayuwa da tallafi zuwa hajar da za ta iya gogayya da fetur da kanta.

Gyaran da ya dawo da direbobi ya zo ne a watan Maris na 2003, lokacin da kamfanin Volkswagen ya fitar da ƙirar Gol mai inji mai shan kowanne. Irin wannan inji yana ɗauke da wata ƙaramar kwamfuta da ke auna hayaƙin da ke fita ta salansa, ta gane irin gaurayen da ke cikin tanki, sannan ta daidaita yawan man da ake fesawa da lokacin da tartsatsi ke tashi, saboda haka mai mota zai iya zuba fetur yau, gobe ya zuba itanol, jibi ya haɗa su, injin bai damu ba. Kafin shekaru biyar su cika, fiye da kashi 80 cikin 100 na sababbin ƙananan motoci a ƙasar irin wannan ne, kuma a 2008 yawan litar itanol da aka sayar ya zarce na fetur. Direbobin Birazil suna da wani sauƙaƙan lissafi da kowa ya haddace. Tun da litar itanol ba ta kai ta fetur ƙarfi ba, tana kai mota kimanin kashi 70 cikin 100 ne na nisan da litar fetur za ta kai ta, to idan farashin itanol ya gaza kashi 70 cikin 100 na farashin fetur sai a sha itanol, idan ya haura sai a sha fetur. Da wannan aka cire tsoron 1989 daga zukatan masu saye, aka kuma ɗora wa masu matatu takunkumin da babu dokar da za ta iya ɗora musu, domin duk ranar da suka tsawwala, cinikinsu zai koma famfon da ke gefe. A fahimtar wannan shirin faɗakarwa, wannan zaɓi da aka ba direba ya fi duk tallafin shekarun 1980 amfani.

Akwai tambayar da masana kan yi game da duk wani man da ake samu daga tsiro, wato ko ƙarfin da ake samu daga gare shi ya fi wanda aka ƙona wajen noma shi da sarrafa shi, tun da tarakta da taki da motar dako duk mai suke ci. A nan rake ya yi zarra, kuma sirrin yana cikin tuƙarsa. Tuƙar da ta rage bayan matsewa ita ake ƙonawa a dafa ruwa, tururin ya tafiyar da injunan masana'antar ya kuma ba da wutar lantarki, har rarar wutar a sayar wa layin ƙasa. Ruwan dattin da ke saura bayan an tace itanol, wanda ya ninka itanol ɗin fiye da sau goma kuma a da yake kashe kifi a koguna, yanzu mayar da shi ake yi gona a matsayin taki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itanol ɗin rake yana mayar da kimanin ninki takwas na ƙarfin man da aka ƙona wajen samar da shi, alhali na masara da Amurka ke yi bai kai ninki biyu ba. Ke nan ba kowane tsiro ne ke rage dogaro da mai ba, wani kusan canja wa man kama kawai yake yi.

Gaskiya ta wajabta a faɗi abin da rake bai yi ba. A watan Afrilun 2006 shugaba Lula da Silva ya shelanta cewa Birazil ta kai matsayin haƙo man da ya ishe ta, kuma mutane da yawa a waje suka jingina wannan ga itanol, alhali babban rabon na Petrobras ne, wanda tun 1974 ya gano mai a ƙarƙashin teku a yankin Campos, ya ƙware wajen haƙa a ruwa mai zurfi, daga baya kuma ya gano manyan rijiyoyi a ƙarƙashin wani kauri na gishiri a ƙasan teku, waɗanda suka kai ƙasar ga haƙo fiye da ganga miliyan 3 a kullum. Itanol ya rage buƙata, haƙa ta ƙara samarwa, da ɗaya ya rasa ɗaya da ba a kai ba. Sannan itanol fetur kawai yake maye wa gurbi. Manyan motocin dako da motocin safa da taraktoci man dizal suke sha, kuma har yau Birazil tana shigo da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na dizal ɗinta duk da cewa tana sayar da ɗanyen mai a waje. Domin rage wannan ne aka kafa shirin dizal na tsiro a 2004, wanda galibi daga waken soya ake yin sa, aka fara gaurayawar dole da kashi 2 cikin 100 a 2008, aka kai kashi 15 a watan Agustan 2025, a daidai lokacin da aka ɗaga itanol ɗin cikin fetur zuwa kashi 30. Faransa ma ta gamu da irin wannan iyaka ta wata fuskar, domin tashoshin nukiliyar da ta shiga ginawa gadan-gadan daga 1974 sun fitar da mai daga harkar wutar lantarkinta, amma motocinta suka ci gaba da shan man ƙetare. Kowace hanya tana maye gurbin mai ne a wurin da ta dace da shi kawai.

Wani darasi ya sake fitowa tsakanin 2011 da 2014, lokacin da gwamnatin Dilma Rousseff ta danne farashin fetur domin ta shawo kan hauhawar farashi, Petrobras ya riƙa sayen fetur da tsada a waje yana sayarwa da arha a gida. Da fetur ya yi arhar da ba ta gaskiya ba, lissafin kashi 70 ya juya wa itanol baya, direbobi suka koma fetur, matatun rake da dama suka rufe, shigo da fetur kuma ya ƙaru. Ƙasar da ke biyan tallafi domin man ƙetare ya yi arha, da hannunta take shaƙe duk wani abin gida da zai yi gogayya da shi.

Shirin kuma bai zo kyauta ga talakan karkara ba. Rance mai sauƙi manyan masu gonaki ne suka kwashe shi, filaye suka ƙara taruwa a hannun 'yan kaɗan, masu saran rake kuwa, waɗanda galibi 'yan ci-rani ne daga yankunan da suka fi talauci, ana biyan su ne gwargwadon tan ɗin da suka sare a cikin zafin rana da tokar gonar da aka banka wa wuta kafin girbi. Yajin aikin da suka yi a garin Guariba a 1984 ya zama sananne a tarihin ƙwadagon ƙasar. Jihar Sao Paulo ta yi dokar daina ƙona rake a 2002, aka koma girbi da inji, hayaƙi ya ragu, amma aikin dubban masu sara ya tafi tare da shi.

Idan aka dawo gida, Najeriya ta daɗe a wani hali mai ban mamaki, na ƙasar da ke sayar da ɗanyen mai tana sayo tataccen fetur da dala, duk da matatun gwamnati huɗu da ke Fatakwal da Warri da Kaduna waɗanda aka gina domin tace ganga 445,000 a kullum. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da fara fitar da fetur daga matatar Dangote mai ƙarfin ganga 650,000 a watan Satumban 2024 sun sauya lissafin, kuma tsadar da ta biyo baya, duk da raɗaɗinta, ita ce ta fara sa jama'a neman madadi. Amma kwafo shirin rake yadda yake ba zai yiwu ba. Birazil ta ninka Najeriya girma fiye da sau tara alhali yawan jama'arsu bai yi nisa da juna ba, raken da take nomawa bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasarta ba, kuma a Sao Paulo ruwan sama ne ke shayar da shi, ba kamar raken Numan ko na fadamun Maƙarfi da ke buƙatar ban ruwa ko danshin fadama ba. Najeriya ma ba ta noma ko kashi 10 cikin 100 na sukarin da take sha, mafi yawansa ɗanye ake shigo da shi daga ita Birazil ɗin a tace a Legas. Rogo kuwa, wanda ƙasar ta fi kowa nomawa a duniya kuma ake iya yin itanol da shi, abincin miliyoyin mutane ne. An fitar da manufar man tsiro a 2007 da burin gauraya kashi 10 cikin 100, amma manufar da ba ta da gona da matata a bayanta ba ta kai famfo ba.

Abin da ya fi dacewa a tambaya shi ne inda ake ƙona man. A Najeriya kaso mai yawa na fetur da dizal ba a titi yake ƙonewa ba, a janareta ne na shago da gida da asibiti, da injin ban ruwa na manomin rani, kuma waɗannan hasken rana yana iya maye gurbinsu kai tsaye, musamman a Arewa inda rana ba ta yankewa. Jamhuriyar Nijar, wadda matatar SORAZ ta kusa da Damagaram ke tace mata ganga 20,000 a kullum tun 2011, ta ɗanɗana dogaro ta wata fuskar a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse mata wutar da ke ba ta mafi yawan lantarkinta, kuma tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 da ke kusa da Yamai tana cikin abubuwan da suka rage kaifin duhun. A ɓangaren motoci kuwa, abin da Najeriya take da shi jibge shi ne iskar gas, wadda ta fi kowace ƙasar Afirka tanadinta a ƙarƙashin ƙasa kuma har yanzu ana ƙona wani ɓangarenta a banza a yankin Neja Delta. Shirin da gwamnati ta ƙaddamar a 2023 na mayar da motoci su riƙa shan matsattsiyar iskar gas, wadda aka fi sani da CNG, yana da fa'ida ɗaya da ta yi kama da ta injin 2003, wato motar da aka juya tana riƙe da tankinta na fetur. Rauninsa kuma shi ne na 1989, domin iskar ba ta isa Arewa da yawa sai da bututu, abin da ya sa aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020, ya fi rabon kayan juya mota muhimmanci. Gwamnatin da ta gaggauta juya motoci kafin ta wadata gidajen shan iskar, layi za ta haifar, kuma direban da ya kwana a layi sau ɗaya da wuya ya sake yarda.

Ga mai mota ko mai Keke Napep da ke shirin juya injinsa, ya fara tabbatar da cewa akwai gidan shan iskar a hanyar da yake bi kullum, ya kuma kai aikin cibiyar da hukuma ta amince da ita. Matsin da ke cikin tukunyar CNG ya ninka na tukunyar iskar girki fiye da sau goma, saboda haka tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa a bakin titi fashewa take yi a lokacin cikawa.